Surutun da ke Kan Kasakasan Baba

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana ya warke daga ciwon bayan nan har ya koma shago, yara suna makaranta, Inna kuma tana nan yadda ka bar ta, sai dai yanar idon nan ta ƙaru, yanzu da murya take gane mai shigowa. Gaisuwar ke nan, na sauke wajibi. Sauran abin da ke cikin takardar nan ba mai daɗi ba ne, kuma da gangan na rubuto maimakon in kira, domin a waya ba ka barin mutum ya kai aya, da na ɗauko magana sai ka ce kana kan hanya.

Saƙonka ya iso: ƙatuwar talabijin da ta cinye rabin bangon ɗakin Inna, da ɗan filashin da ka ce finafinan Baba arba'in da uku duk suna ciki. Na kuma saurari muryar da ka turo kana yabon kanka. Ka ce mai gyaran da ka kai wa kwalin ya duba kasakasan ya ga hotonsu ya dushe, kuma wani mutum ya ɓata su da surutu tun daga farko har ƙarshe, don haka ya samo maka sababbi tas, da ainihin muryoyin 'yan wasan. Ka ce tsofaffin suna bayan ƙofa, za ka zubar idan kun tashi ƙaura ƙarshen wata. Sau uku na saurara, Auta, don in tabbatar kunnena ne ya ji. Wani mutum! Wannan wani mutumin ubanka ne, Allah Ya jiƙansa.

Tunda ba ka sani ba, bari in gaya maka abin da kowa a gidan nan ya sani har maƙwabta. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tafinta a kotu, kuma sau da yawa yakan bi alƙali zagaye, a yi mako biyu ba a gan shi ba. Yana son tsofaffin finafinan nan baƙi-da-fari na 'yan fashi da masu bincike da zaman shari'a, Inna ma tana so, amma ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshensu. Idan yana gida shi ke fassara mata. Don kada ta zauna shiru idan ya yi tafiya, sai ya nemo bidiyo mai maɓallin ɗora murya. Ranar da babu aiki, bayan la'asar, zai zauna a kujerarsa ta katako da ƙaramin makirufo a hannu, ya bi fim daga farko zuwa ƙarshe yana mayar da shi Hausa. Shekara tara ya yi yana wannan aiki.

Kuma ba fassara kawai yake yi ba, shiga faɗan yake. Duk mai bincike a wurinsa Mai Malafa ne, duk macen da ta shigo ofis tana busa taba Uwar Makirci ce, tun kafin ta buɗe baki zai ce wa Inna ta sa mata ido. Idan lauya ya yi tambayar banza sai ya ajiye fassara ya ce da a gabansa ne da ko juya ta ba zai yi ba, don kada ya ji kunya. Akwai inda ɓarawo ke gudu a kan rufin jirgin ƙasa, Baba ya manta da aikinsa ya dinga ihu a tare shi ta gaba. Abin da mai gyaranka ya kira surutu ke nan. Shi ban ga laifinsa ba, bai san mu ba. Kai fa? Kwalin ya yi wata huɗu a gidanka, ba ka sa ko guda ɗaya ka ji ba.

Ai dama haka kake. Tun kana zuwa hutu daga makarantar kwana, da an kunna sai ka taɓe baki ka ce kallon tsofaffi ne, ko kala babu, ka fice. Da ka zo bana ka ɗauki kwalin, na tare ka a bakin ƙofa na ce ka tsaya in yi maka bayani, ka ce in bar wa masu ilimin abin. To ga ilimi nan mun gani, garin neman gira an rasa ido. Ka yi shekara shida ba ka kwana uku a jere a gidan nan ba, amma rana ɗaya ka zo ka yi mana gwaninta da abin da ba kai ka tara ba.

Ranar da aka kafa talabijin ɗin, Inna ta sa aka matso mata da kujera, ta gyara zama. Aka kunna, hoto ya fito tangaran, mutane suka fara yarensu. Ta kasa kunne. Can ta tambaye ni ko sai an jima Malam zai fara. Na ce mata na'urar ce ba ta gama saituwa ba. Ni da furfurata ka sa na yi wa uwata ƙarya, kuma wannan ba zan yafe maka shi da wuri ba. Me za ta yi da hoto mai kyau, matar da ko fuskata ba ta gani? Ba kallo take yi ba, mijinta take saurare.

Kaset ɗaya ya tsira, shi ma don ya maƙale a cikin bidiyon ranar da ka kwashe sauran. Shi take ji kullum bayan azahar, har ta haddace, tana riga Baba faɗin maganarsa. Sau biyu zaren ya tsinke ina liƙa shi da salatif, kuma duk liƙi sai an rasa kalma biyu ko uku. Mai gyaran rediyon bakin titi ya ce idan aka ci gaba a haka ba zai kai wata biyu ba.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Maƙwabcinmu malamin asibiti, wanda zai miƙa maka takardar nan, zai juyo gida bayan kwana goma. Ka ba shi kwalin yadda yake. Kada ka goge, kada ka gyara, kada ka sake kai wa wani masani. Na san adadinsu, na san rubutun Baba a bayan kowanne. Idan ka riga ka zubar, ka gaya mini gaskiya, sannan ka zo da ƙafarka ka gaya wa Inna, don ni na gama yi maka ƙarya. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa har yanzu nake kiran ka ƙanena, amma kada ka gwada ni.

Kafin ka rufe kwalin, ka nemi wanda aka rubuta wa lamba goma sha bakwai da jan biro, ka roƙi mai gyaran naka ya sa maka, sawa kawai ban da gyara. Wajen tsakiya, daidai inda ake karanta wa mai laifi hukunci, za ka ji jariri ya tsala kuka. Za ka ji mutumin nan mai surutu ya bar alƙali yana magana, ya ce a miƙo masa Autansa. Daga nan har fim ya ƙare a hankali yake fassara, ƙasa-ƙasa, don kada ka farka.

Ka gaishe da matarka, ita ba ruwanta. Ka shafa mini kan mai sunan Baba da 'yar ƙanwarsa. Maigidana da Kawu suna gaishe ka. Inna ma ta ce a gaishe ka, a kuma yi maka godiyar talabijin, don har yanzu ba ta san abin da ka yi ba.

Wassalam.
Yayarka.