Shafi Ɗaya da Hadiza Ta Aika wa Makarantar Likitoci

Zuwa ga Yayana Habu, malamin asibitin Burumburum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Shekara shida ke nan rabona da muryarka, kuma na san masinja ba ya zuwa inda kake. Duk da haka zan rubuta, don akwai labarin da kai ne ka fi cancanta ka ji. Wanda ya tsinci takardar nan ya karanta, bismillah, ba asiri a ciki.

'Yarka Hadiza ta gama makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta ci jarrabawa yadda ka so, ta nemi shiga makarantar koyon likitanci da ke birni. Masu cin jarrabawa sun yi yawa, gurbi kaɗan, sai makarantar ta aiko wa kowa tambaya guda: a shafi ɗaya, faɗa mana abin da ya sa ka zaɓe mu, ba wata makaranta ba. Da wannan shafi za a tace waɗanda za a kira ganawa. Wanda nasa bai gamsar ba, sai ya jira baɗi.

Ka tuna Malam Sule mai tafireta, wanda ke zama gindin darbejiya kusa da gidan waya a Tudun Wada? Yana nan da ransa, tabaraunsa ɗaure da zare. A zamaninka takardar ƙara da ta neman aikin gadi yake bugawa. Yanzu ya zama shehin malamin shiga jami'a. Wasiƙa ɗaya tak gare shi, wadda ba wanda ya san wa ya fara tsara ta. Sai ya jera takarda huɗu da kabon a tsakani, ya buga su gaba ɗaya, ya bar fili a sama don sunan yaro, ya bar wani a tsakiya don sunan makaranta. Daga Bebeji har Doguwa, 'ya'yan mutane duka mafarki ɗaya suke yi, da Turanci ɗaya, har da harafin nan ɗaya da tafiretar ke cinye rabinsa.

Kawunta Sale ne ya kai ta can ba da sanina ba. Da ta kawo mini takardar in duba, sai na zauna na sha karatu. Ashe 'yarka tun tana cikin tsumman goyo take mafarkin zama likita. Ashe makarantar nan mashahuriya ce, sunanta ya game duniya, malamanta taurari ne, gine-ginenta abin alfahari ga baƙar fata. Ashe ba ta da buri sai bauta wa al'umma, kalmar da ta fito sau biyar a shafi guda, har na fara tausaya wa al'ummar. Can ƙasa kuma na ga inda take cewa babu abin da ke faranta mata rai kamar ta ga dabbobin garinsu cikin ƙoshin lafiya. Ka gane? Asalin wasiƙar ta neman makarantar malaman dabbobi ce, Malam Sule ya manta bai cire layin ba. Allah kaɗai Ya san yara nawa suka yi wa likitocin birni alkawarin kula da awaki.

Na je na same shi da maganar. Ko gezau bai yi ba. Abin da ya ce da ni, ba zan manta ba: "Haba Malam Isyaku, ai ba karantawa suke ba, tsawonta suke dubawa." Shi kuwa Sale cewa ya yi, "Kowa haka ya yi, mu ne za mu fita daban?" Har ya kawo shawarar a nemo 'yar takarda daga wani babban mutum a maƙala a sama, wai don ta yi nauyi. Mutumin da bai taɓa ganin Hadiza ba, shi zai shaida dalilin da ke cikin zuciyarta.

Kada ka ɗauka ni na tsira, Yaya. Na yaga ta Malam Sule, na ce ai gidan malamin Turanci aka zo. Na ɗauko ƙamus da ɗan littafin da makarantar ke rabawa, na yi yini biyu ina gini. Na kawo shekarar da aka kafa ta, da yawan sassanta, da girman ɗakin karatunta, na yi musu ado da kalmomin da ni kaina ban taɓa furtawa da baki ba. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta karanta a tsanake, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baffa, ai sun san shekarar da aka gina su." Sannan ta ƙara da cewa ta duba daga sama har ƙasa ba ta ga kanta a ciki ba. Shekara ashirin ina jan jan biro a kan rubutun 'ya'yan mutane, ban taɓa shan gyara mai zafin wannan ba. Bambancina da Malam Sule, shi dai bai ɓata yini biyu ba.

Sai na ajiye girman kai na faɗa mata abin da ya kamata in fara faɗa. Idan za a iya goge sunan makarantar a sa na wata, takardar ta zauna daidai, to ba ta amsa tambayar ba. Su ba yabo suka nema ba, sun ƙoshi da shi. So suke su san me ke wurinsu wanda take bukata, ta ina ta san da shi, kuma me za ta yi da shi in sun ba ta. Na ce ta rubuta abin da ta gani da idonta, ko da bai yi kama da maganar manya ba. Ta yi kwana uku ba ta kawo komai ba, innarta Rabi, matarka, har ta fara yi mini kallon wanda ya ɓata wa yarinya sa'a.

A rana ta huɗu ta kawo shafi ɗaya da rubutun hannu. Kai ne a ciki.

Ta rubuta cewa mahaifinta malamin asibiti ne a ɗakin magani mai ɗaki biyu. In ciwo ya fi ƙarfinsa, mace ta kwana biyu tana naƙuda ko maciji ya sari makiyayi, sai ya rubuta 'yar takarda zuwa ga likitan babban asibiti, ya sa mutum a motar kasuwa. Shekara da shekaru yana aika takardun nan, ba a taɓa maido masa da amsa ba. Don haka duk ranar kasuwa sai ya riƙe hannunta su tafi tasha, ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Wanda na ba ka ran nan, ya sauka da rai?"

Ta ce ta zaɓi makarantarsu ne domin asibitinsu ne ƙarshen tafiyar waɗannan takardu. Ta taɓa raka wata gwaggonta can, ta ga mutanen yankinmu zaune a baranda riƙe da takarda, ana yi musu bayani suna gyaɗa kai ba su gane ba, ita kuwa tana jin Hausa, tana jin Fillancin da ta koya a rugar bayan gidanku. Ta ce ta bincika ta ji su ne ke tura ɗalibai ƙauye su zauna watanni kafin su gama, ɗaya makarantar da take da damar nema ba ta yin haka. Tana so ta koyi aiki a inda takardar ke sauka, ta zama likitar da za ta juya bayanta ta rubuta amsa. A ƙarshe ta faɗi gaskiyar da kowa ke ɓoyewa: makarantar tafiyar rabin yini ce daga wurin innarta, kuma innarta ba ta da kowa sai ita.

Sale ya ce a cire layin nan na ƙarshe, wai za a ce ba ta da buri. Ban cire ba. Kurakurai biyu na Turanci na gyara, na janye hannuna.

An kira ta ganawa. Ta ce ba su tambaye ta komai ba sai zancen takardun. Wani dattijon likita ya ɗan murtuke, ya tambaye ta ko ta san yawan mutanen da likita ke gani a yini, da har take alkawarin amsa wasiƙa. Ta ce ba ta sani ba, amma layi ɗaya ya isa: ya iso ya warke, ko ya iso Allah Ya yi masa cikawa. Ta dawo tana kuka, wai ta yi wa babba rashin kunya. Muka yi sati biyar ba mai iya tayar da zancen a gida.

Yaya, sunanta ya fito. An ɗauke ta.

Labari bai kwana biyu ba sai ga Malam Sule a ƙofar gidana a Kiru, da kekensa, wai in ara masa takardar ya kwafa don amfanin al'umma. Na ba shi ruwa ya sha, na ce sai in tafiretarsa za ta iya buga wa kowane yaro uba irin nata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ban taɓa sanin dalilin zuwanka tasha ba. Ina ganinka ranar kasuwa kana yawo tsakanin motoci, na ɗauka hira ce kawai da son rake, har na sha yi maka tsiya a kai, kai kuwa sai ka yi murmushi ka ƙyale ni. Yarinya 'yar shekara bakwai ta gane abin da ni mai karatun littattafai ban gane ba. Ka yafe mini.

Ranar Asabar za ta tafi. Rabi ta ɗinka mata zannuwa biyu, ni zan raka ta har ƙofar makarantar.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk wanda ka ɗora a mota ya zama shaida gare ka ranar gobe. Allah Ya ba Hadiza ilimi mai amfani da hannu mai albarka, Ya tsare ta daga girman kan masu farar riga, Ya sada mu da kai a gidan rahama. Amin.

Ni ne ƙanenka mai kewarka,
Isyaku