Harsashin Agwagwa a Bindigar Isufu

Zuwa ga aminina Malam Isufu,

Assalamu alaikum. Ba zan tambaye ka kwanan gida ba, na san inda kake kwance, na kuma san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko da ranka ma ba karanta ta za ka yi ba, ni da kai ba wanda ya taka ƙofar lakwal, makarantar boko. Ɗiyata Rabi ke rubutawa, ni ina faɗa.

Tun shekarar da wuta ta ci babbar cocin Paris ka bar ni a Sevran, nan gefen birnin. Ka ce ɗaukar kwalayen kaji a kasuwar Rungis ya cinye maka gwiwa, ka tafi wajen Lyon gadin tabkunan wani Nasara mai farautar agwagi. Na ce maka tsoho ba ya sake gari. Ka ce ƙanshin laka kake so, irin na tabkin garinmu da damina. Ka tafi. Yanzu ga ka a ƙasar mutane, cikin maƙabartar da ko sunanta na kasa riƙewa.

Labarin gida ba daɗi. Matarka Hajiya Mariyama na takaba, ba ta ɗaga waya. Ɗanka Lawali ya daina zuwa masallaci, don da ya shigo ake yin shiru. Ka san abin da ake faɗa? Wai kai ka kashe kanka. Jandarmomi sun ce bakin bindiga ne ya fashe, amma mutanenmu sun ce wa ya taɓa ɗaukar bindiga don talo-talo, tsuntsun da mace ke kamawa da zane? Sun ce tun da likita ya gaya maka ciwon da ke cikinka ka daina dariya. Har akwai wanda ya sallace ka ya dawo yana cewa da ya sani bai tsaya a sahu ba.

Ni na san talo-talon nan. Na Nasaran ne, sun tsere sun zama na daji, suna kwana bisa itace, ba mai gwiwa irin taka da zai cim musu. Duk ƙarshen shekara yakan ce ka harbo su, ɗaya naka. Bara ma kai ka aiko mini da cinya.

Na kuma san bindigar. Tsohuwa ce, ta zamanin dalma. Da aka hana dalma a bakin ruwa, harsashin agwagwa ya koma na ƙarfe, ita kuwa bakinta matsattse ne, ba ta ɗaukar ƙarfe. Mu da ba mu karanta kwali, da launi muke ganewa: ja na dalma, kore na ƙarfe. Haka ka koya mini. Da na je zaman makoki na shiga ɗakin kayanka, na ga sabon kwali. Harsashin ciki ja ne jawur. Na kai wa Lawali ya duba rubutun, ya ce na ƙarfe ne, na agwagwa. Masu yinsa sun canza launi, ba wanda ya gaya wa tsoho. A aljihunka kuma an sami wuƙar yanka, ka wasa ta. Wanda ya fita neman mutuwa yana damuwa da kada tsuntsu ya zama mushe?

To amma ga abin da ban gaya wa kowa ba, Isufu. Na ɗauki harsashin nan a tafin hannuna, na ji bai kai na dalma nauyi ba. Ni da rabona da harbi tun muna samari a dajin Tanut, na ji. Kai fa? Kai da kake gane hatsin bara da na bana a hannu? Sanyi ne ya kashe maka yatsu? Sauri kake kada tsuntsun ya tashi? Ko ka ji, ka ɗura? Na tambaye ka a sujada, na tambaye ka a cikin jirgi, ba ka amsa ba. Rabi ta ajiye alƙalami tana kuka, na ce ta rubuta haka nan.

Ban taɓa ce maka na yi kewarka ba tun da ka bar Sevran. Na yi. Taurin kai ya hana ni faɗa.

Gobe sadakar arba'in ɗinka. Da asuba zan kama jirgin ƙasa na Lyon. Zan je gidanka in riƙo hannun Lawali, ko yana so ko ba ya so, in zaunar da shi a sahun gaba. In liman ya shafa fatiha zan miƙe, in ce haɗari ne, in faɗa da ƙarfi yadda na bayan ƙofa zai ji. Wanda ke da jayayya ya tashi ya dube ni. Sauran na bar wa Allah, Shi ne ya ga hannunka.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Sai na iske ka.

Naka har kabari,
Abdu Ɗan Tanut