Wadda Za Ta Wanke Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki, ta saki? Mu nan lafiya lau, sai jikin Inna da ke nan jiya i yau. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta sake sauka daga gado ba.

Yaya, abin da ke cina ne ya sa na ɗauki biro. Matar ƙanenki direba ta ishe ni. Shekararta huɗu kacal da musulunta, amma yanzu ita ce malamar gidanmu. Mai Littafi nake ce mata, don komai ta ji a islamiyya sai ta rubuta. Salla kuwa, kafin ta idar da raka'a biyu na yi huɗu na ninke darduma.

Ni na ce wa Inna ai marar lafiya Allah ya ɗauke masa salla, ta bari sai ta warke ta rama. Sai wannan baiwar Allah ta buɗe littafinta, wai Inna za ta iya salla a kwance da ishara. Ta sa aka juya gado ya kalli alƙibla, ta samo dutse mai faɗi na taimama ta ajiye gefen matashi. Inna ta yi azahar tana hawaye tana shi mata albarka. Ni da nake kwashe kashi da fitsari wata bakwai, ko rabin wannan ban samu ba.

Duk wannan na haɗiye. Amma jiya, a gabana, Inna ta bar wasiyya cewa in ta cika, surukarta ce za ta yi mata wanka. Ina tsaye da kwanon magani. Mu da aka yi wa kiran salla a kunne ran da aka haife mu. Kishi nake, ba zan ɓoye miki ba, kuma wallahi in ina numfashi ba mai taɓa gawar uwata sai ni.

Ki gaishe min da kowa.

Taki ƙanwa,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Na san ƙafar ce ta hana ki zuwa, kada ki sa wa ranki damuwa. Ga abin da ban iya faɗa miki a waya ba.

Ta cika ran Talata da hantsi. Da aka kawo bokitai na tare ƙofar ɗaki, na ce ni ce 'ya. Mai Littafi ba ta ja da ni ba, ta roƙi dai in bar ta ta riƙa miƙo min ruwa. Na bar ta, na rufe ƙofa.

Yaya, sai na tsaya da moɗa a hannu ban san ta inda ake farawa ba. Gidan rasuwa nawa na je a rayuwata? Kullum ina tsakar gida wajen tukwane, ina ganin ai abin namu ne, ranar na zuwa hannu zai san hanya. Hannu bai sani ba. Har na kai hannu zan yaye zanen gaba ɗaya, ta riƙe min wuyan hannu a hankali, ta mayar da shi ya rufe Inna. Ta naɗa min ƙyalle a hannu. Ta nuna min a fara da alwala, sannan ɓangaren dama, sau uku, na ƙarshe da kafur. Gashin ta raba shi uku ta ba ni in kitsa. Komai da hannuna aka yi, amma ba abin da na sani a ciki.

Da muka fito, mata suka yi ta yaba min, wai 'yar gidan addini ba a koya mata. Na karɓi yabon. Mai Littafi kuwa ba ta tona ni ba, kuma wannan rufin asirin nata ya fi komai ƙona min rai.

Bayan an tafi da Inna na sami Mai Littafi bakin famfo tana wanke bokitai tana kuka. Ta ce mahaifiyarta na nan da rai a kan addininsu, in ta rasu danginta ne za su yi nasu, ita sai dai ta tsaya daga nesa. Shi ya sa ta koyi wankan, ta roƙi Inna ta ba ta. Ashe roƙa ta yi, ni kuma na ƙwace.

Har yau in na ji ana cewa Inna ta so ta, sai zuciyata ta yi zafi. Ban warke ba. Amma ki riƙe wannan amana: in na riga ku tafiya, ita nake so ta wanke ni. Kada ki gaya mata ni na ce.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Auta