Takardun da Ba Sa Shiga Bola

Zuwa ga Babban Jami'in Tsabtar Gari,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni marubuci ne a Nima, bayan babbar kwata. Tun kafin mulkin kai nake kwafar littattafan addini da hannu ina sayarwa, kuma ban taɓa taka ƙofar kotu ba, sai ga shi sabuwar dokarku ta shara za ta kai ni.

Na farko, dokar ta ce kada kowa ya ƙona komai a gida, mai sana'a ya zuba shararsa a durom mai murfi har mota ta zo. Na ji, na sayi durom. Toka da ɓawon rogo duk ciki suke tafiya. Amma sana'ata tana da abin da ba shara ba. Idan alƙalami ya zame ko tawada ta zube, shafi ya lalace, sunan Allah kuwa yana nan a kai. Mu ba ma jefa irin wannan cikin ƙazanta. A kasko muke ƙonawa, mu binne tokar a gindin bishiya. Haka na tashi na ga mahaifina yana yi.

Na biyu, ranar Litinin da ta wuce duba-garinku ya shigo ya tarar da ni da kasko da shafi huɗu. Hayaƙin bai kai na mai busa sigari ba. Na yi masa bayani da Hausa, maƙwabcina ya maimaita da Turanci, ya ce shi takarda ya gani, takarda kuwa shara ce. Ya rubuta mini sammaci, ya ce in na sake za a rufe shagona. Abin haushin, kafin ya iso wurina sai da ya tsallake kwatar da ta toshe tun damina, yana rufe hanci da hankici. Ita bai ba ta sammaci ba.

Na uku, ya kwashe ragowar takardun, na ɗauka shaida zai kai kotu. Ashe a babban durom na bakin titi ya watsa su. Washegari Baba Alhassan, dattijon Dagomba mai kwasar sharar layinmu, ya ga rubutun. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya goge a rigarsa, ya kawo mini. Wato ma'aikacinku ɗaya ya zuba, ɗaya ya dawo da su. Na ji har an yi wa dattijon kashedi don ya ɓata wa mota lokaci.

To, ranka ya daɗe, ina zan kai su? Yanzu suna cikin akwatin matata. Ta fitar da zannuwanta, kuma kullum sai na sha magana. Wallahi na gaji.

Roƙona shi ne a janye sammacin, a ƙyale Baba Alhassan da aikinsa, a kuma bar mu mu ƙona irin wannan a kasko, ko da duba-gari zai tsaya a kanmu yana kallo.

In hakan ya gagara, ranar Alhamis zan zo kotu da akwatin a ka. Wanda ya ce shara ce, ya buɗe ya zuba a bola da kansa. Hannun da ya rubuta su dai ba zai yi ba, ko da za a sa wa shagon kwaɗo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka masu gaya maka gaskiya.

Wassalam.

Naka,
Malam Sa'idu Mai Alƙalami, Nima