Na Bar Baba Yana Zaton Makanta Ce Ta Zo

Anti Hindatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni. Kwana goma sha biyu ke nan abinci ba ya yi mini daɗi, kuma ba wanda zan iya gaya wa a gida.

Mahaifina tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya a nan Talata Mafara. Shekara biyu ke nan yana rubuta tarihin gidanmu na Dosara, har da sunayen fadamun da ya sani tun yana yaro. Idonsa ya ɗan yi rauni, shi ya sa na haɗa masa tsohuwar kwamfutar tebur da babban allo, na ƙara girman rubutu. Ni na karanci kwamfuta, ni na dage aka sa mata tsarin aiki na Linux, yayana Umar da ke koyarwa a Bakura yana ta cewa zan jawo mana wahala. Kwamfutar ba ta taɓa ko tari ba, har gori nake yi masa.

Wata Asabar Baba ya tafi ɗaurin aure Maradun, sai rawar kai ta ɗebe ni na sabunta tsarin gaba ɗaya, alhali ya sha gargaɗi kada a taɓa masa ita sai ya gama littafin. Tun daga nan allon ya fara ƙiftawa. Ana cikin rubutu sai layuka su yi rawa, gefe ɗaya ya yi baƙi ya dawo, kibiyar da ke yawo a allon ta bar inuwa a bayanta. Da na bincika na gane sabon tsarin ya koma nuna hoto ta wata sabuwar hanya mai suna Wayland, katin hoton da ke ciki kuwa tsoho ne, direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, ba ya jituwa da ita.

Ga inda na yi ɓarna. Washegari Baba ya kira ni ya tambaya ko ni ma ina ganin rubutun yana rawa. Anti, ina gani ƙiri-ƙiri na ce ni dai lafiya lau nake gani. Tsoron faɗa ne, da kunyar kada Umar ya ji, kuma na ɗauka kafin la'asar zan gyara. Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya ce ashe lokaci ya yi. A makance mahaifinsa ya rasu.

Yanzu ya lulluɓe kwamfutar da zane. Ya miƙa wa Umar makullin babur, ya daina zuwa kasuwar Janbako. Jiya ya ce in tattara takardun in adana, ko wani jika zai ƙarasa. Ranar Alhamis za a kai shi Sakkwato ganin likitan ido. Sau biyu ina sake sa direban a ɓoye, na biyun allon ya mutu gaba ɗaya, da ƙyar na dawo da shi. Anti, idan na samu ta gyaru, zan iya yin shiru ya ɗauka sauƙi ne Allah ya kawo? Ko in cire Linux ɗin kowa ya huta?

Taki cikin damuwa,
Autar Malam, Talata Mafara

Wa'alaikumus salam, Autar Malam.

A'a, ba za ki yi shiru ba. Na fahimci tsoronki, kuma sabunta kwamfuta ba zunubi ba ne. Amma ko ta gyaru yau, duk lokacin da wuta ta ɗan ƙifta gaban Malam zai faɗi, zai ce ciwon ne ya dawo. Wannan ba ya gyaruwa da direba.

Ki fara da ajiyar littafin. Ki kwafe shi a filashi biyu kafin ki sake taɓa komai. Sannan a shafin da ake sa kalmar sirri, ki duba 'yar alamar zaɓi a gefe. Idan akwai X11 ko Xorg, wato tsohuwar hanyar nuna hoto, ki shiga da ita, sau da yawa rawar nan take tsayawa. Wasu sababbin tsaruka sun cire wannan zaɓi. In haka ne, ki duba bayan kwamfutar: idan tana da nata ramin sa wayar allo ban da na katin, ki kashe ta, ki zare katin, ki mayar da wayar can. Rubutu ba ya buƙatar babban kati. In babu, ki ɗora tsarin Linux mai dogon tallafi, wato wanda ake daɗewa ana kula da shi, a filashi, ki gwada shi sosai kafin ki girka.

Umar yana da tasa gaskiyar. Kwamfutar da dattijo ke aiki da ita ba wurin gwaji ba ce. Ke ma kina da taki, Linux ta yi wa Malam hidima shekara biyu, kuma in kati ya tsufa masu shi kan daina sabunta direbansa, ko wane tsari ake amfani da shi. Ba sai kin cire ta ba. Gorin Umar kuwa, ki shanye, ai kin daɗe kina yi masa naki.

Amma kafin ki gyara komai, ki zaunar da Malam yau, ki yaye zanen nan, ki kunna masa ita yadda take. Ki kira mahaifiyarki ta tsaya kusa. Da allon ya ƙifta ita ma za ta gani, ta faɗa da bakinta. Sannan ki gaya masa abin da kika yi da abin da kika ce, ba kwana-kwana, ki roƙi gafara. Zai yi faɗa, ya kuma cancanci ya yi. Tafiyar Sakkwato kada a fasa, duba ido a shekarunsa alheri ne, amma ya je da sanin gaskiya.

'Yata, kina tsoron fushin yini ɗaya, shi kuwa kwana goma sha biyu ke nan yana bankwana da ganin fuskokinku. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Malam lafiya, ya sa shi da kansa zai rubuta shafin ƙarshe.

Anti Hindatu