Saukarmu a Burtalin Shanu

Talata, 17 ga Satumba, 1996

Yau da ƙarfe bakwai da kwata na safe, muna sama gabas da Kiyawa, injin jirginmu ya kama wuta. Mu biyu ne a ciki, ni da matuƙin, Kyaftin Yahuza. Ina rubutawa bayan la'asar a ɗakina a unguwar Takur, tun kafin tsoro ya ƙara wa labarin gishiri.

Aikin da ma'aikata ta ɗauke ni bayan na gama jami'a shi ne neman makwancin jan baki, tsuntsayen da ke cinye gero. In gano shi daga sama, jirgin feshi ya biyo da magani. Namu ƙarami ne, inji ɗaya, kujera biyu.

Warin fetur na fara ji. Na yi shiru, kar a ce sabon ma'aikaci ya cika tsoro. Sai hayaƙi, sai harshen wuta ta gefen hagu na hancin jirgin. Na kai hannu zan buɗe taga.

"Bar ta!" in ji Kyaftin. "Iska za ka ba ta."

Ya ja wani jan maɓalli har ƙarshe, ya rufe famfon mai da ke tsakanin ƙafafunmu, ya kashe injin da hannunsa. Ya faɗa wa rediyo inda muke, ya maimaita, sannan ya kashe lantarkin ma. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba.

Sai ya sunkuyar da hancin jirgin. Na ɗauka ya haƙura da mu, na fara kalmar shahada. Ashe gudu yake nema, don iska ta hure wutar kamar fitila. Ya karkata jirgin muna tafiya a kaikaice, hayaƙin ya bi gefe. Wutar ta mutu.

Na ce, "Ta mutu, ranka ya daɗe! A tada injin!"

"In sake ba ta mai? Nemo min fili, Malam Bubayero. Kai ka san ƙasar nan. Waccan koriyar shimfiɗa fa?"

Na ce fadama ce, ruwa ne a ƙarƙashin ciyawar, za ta riƙe taya ta kifar da mu. Gonaki kuwa duk kunya. Sai na hango burtali, hanyar shanun da na bi da ƙafata a bayan garken Baffa ina yaro. Miƙaƙƙe, kofato ya daɓe shi. Na nuna wa Kyaftin.

"Faɗinsa?"

"Shanu ashirin suna jerawa a ciki." Da cikakken tabbaci na faɗa.

Ya sa na ƙara ɗaure bel, na zare sakatar ƙofa na cusa hulata a tsakani, don kar ta maƙale in mun bugu.

Sai da muka yi ƙasa sosai, babu damar sauya shawara, na ga abin da ya faru tun bayan yarintata. Manoma sun ci burtalin ta kowane gefe, kowace damina a ƙara kunya ɗaya. Abin da ya rage bai kai faɗin fukafukanmu ba. Taya ta taɓa ƙasa, fiffiken dama ya shiga gero, zangarniya na dukan gilashi kamar ƙanƙara. Jirgin ya juya, ya tsaya.

"Fita! Bi inda iska ke fitowa!"

Muka gudu. Bai fashe ba. Kafaɗar Kyaftin ta goce, ni ko ƙwarzane.

Mai gonar ne ya fara isowa, wani dattijo, Malam Ɗan'inna. Da ya ji sunana sai ya riƙe baki.

"Bubayero? Af! Ku Fulani, ɓarnar ƙasa ba ta ishe ku ba, yanzu ta sama kuke kawowa?"

Na ce, "Baba, ai a kan hanyarmu muka sauka. Geronka ne ya shigo."

"To ka gode masa. Da bai shigo ba, kwazazzabon can ne zai tare ku."

Na duba gaba. Gaskiyarsa ce. Ya ba mu ruwa, sannan dariyar ta bar fuskarsa. Ya nuna yamma, inda jan baki suka yi baƙi kamar hadari.

"Abin da kuka bari su za su ƙarasa. Yaushe za ku dawo, ɗana?"



Laraba, 18 ga Satumba

Yayata, Adda Mahbuba, ta kunna risho, warin kananzir ya kore ni waje. Ta biyo ni da ludayi a hannu.

"Buba, Inna ba ta yi ɗawainiyar karatunka don ka ƙone a sama ba. Ka nemi tebur ka zauna kamar kowa."

Na ce na gama da jirgi. Har zuciyata na faɗa.

Alhamis, 19 ga Satumba

Shugaban sashenmu ya ce wani jirgin zai zo Litinin da wani matuƙi, kuma babu wanda ya ga inda tsuntsayen suka dosa sai ni. Na kwatanta masa. Ya ce daga sama duk fadamu kamarsu ɗaya ga baƙo. Na sani. Na ce a nemi wani.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na je asibiti bayan masallaci. Kyaftin na zaune hannu a rataye, yana cin gyaɗa da ɗayan. Na ba shi haƙuri a kan faɗin burtalin.

"Ka ba ni wurin da babu ruwa, babu kunya. Me kuma? Nan gaba dai ka riƙa ƙarawa da ‘yadda na san shi a da’."

Ya ce makanikai na zaton bututun mai ne ya tsage. Sai ya tambaye ni yaushe na fara jin warin fetur. Na faɗa masa. Ya ajiye gyaɗar.

"Wannan ne kawai na ƙi. A jirgi babu kunyar babba. Hancinka ya ji, bakinka ya faɗa."

Asabar, 21 ga Satumba

Wani direban Kiyawa ya ce mutanen wajen tun asuba suke kaɗa gwangwani a gona, tsuntsayen ko tashi ba sa yi.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na ari babur na bi hanyar da jirgin zai bi ta sama. Na auna burtalai da igiya. Ɗaya kaɗai zai ɗauki fukafukai, wanda ke bayan wata tsohuwar rijiya, shi ma sai an kauce wa wata kuka. Don amfanin duk wanda zai hau na yi. Ba wani abu ba.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Me ya tsaga bututun.

Ko tsuntsayen suna nan inda na hango su, ko sun sauya makwanci.

Ko akwai sauran abin ceto a gonar Malam Ɗan'inna.

Ko sabon matuƙin yana jin magana in an ce masa ana jin wari.

Yadda zan gaya wa Adda cewa motar ofis za ta tsaya a ƙofar gida bayan sallar asuba.