In'inar Lukuman

Asabar, 5 ga Yuli, 1997

Lukuman ya iso Kalgo yau bayan shekaru a Ingila. Ƙanena ne, amma sai da na kalle shi sau biyu a tasha. Tabarau, ƙiba, ga magana sumul kamar mai karanta labarai a rediyo. Ina in'inar nan da mutum kan sha fura ya gama kafin ya fitar da "sannu"? Wai can aka koya masa yadda zai riƙa numfashi, ta tafi.

Baba yana zaure kan buzunsa. Luku ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya amsa da ladabi, ya ce in kawo wa baƙo ruwa.

Na sha aika wa Luku cewa kan Baba ya fara tafiya tun rasuwar Inno. Ya ɗauka irin zuzutawata ce ta kasuwa.

Litinin, 7 ga Yuli

Ya biyo ni rumfata da kwamfutarsa mai kama da faranti. Na ture rediyoyi na ba shi wuri. Na ce to injiniya, me ake biyanka ka yi?

Wai akwai tsofaffin injunan kwamfuta da aka daina ƙerawa, amma ayyukan da aka rubuta musu suna nan, mutane na bukatarsu. Shi ne yake koya wa sabuwar kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar, har aikin ya shiga ya zauna bai san gidansa ya rushe ba. Na ce ashe jabu kake yi. Ni in na liƙa wa rediyon banza suna mai kyau a ce ɗan damfara, kai an ba ka digiri.

Ya yi dariya, ta farko tun zuwansa. Ya ce wahalar ba kwaikwayon ƙwarewar tsohon inji ba ce. Akwai wani inji da yake kuskure a wani lissafi, shi kuma don gwaninta ya gyara a nasa. Duk ayyukan suka ƙi tashi, don sun saba da kuskuren, a kansa aka gina su. Sai da ya ɓata watanni yana mayar da aibin daidai yadda yake.

Laraba, 9 ga Yuli

Baba ya saki jiki da "baƙo". Har labari yake ba shi: yana da ɗa Lukuman, yaro na gari, sai dai harshe. Ya tafi karatu bai komo ba.

Luku ya ce ai shi ne. Ya fiddo hotuna, ya jero sunayen kakanni, ya ambaci gonarmu ta Wurogauri iyaka da iyaka. Nan ya ɓata lamarin. Baba ya ja ni gefe: "Bawa, wanga mutum ya san gonarmu da yawa. Mi yake nema?"

Baba ya ƙi tuwon da yayarmu Salamatu ta kawo. Laraba mai zuwa Luku zai koma, kuma kowa a gidan nan ya san ba zai sake tarar da Baba ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Bayan masallaci na faɗa masa abin da ke raina. Na ce kai da bakinka ka ce sai da aibin ake gane gida. Baba ba injiniya yake jira ba. Cire tabarau, ka mayar da in'inarka.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Yaya, kai komai haja ne a wurinka." Wai na san sau nawa ya tsaya gaban masu ɗaukar aiki sunansa ya maƙale masa a wuya? Wai abin ba riga ba ce da ake sawa a tuɓe, in ya buɗe mata ƙofa ba lalle ta fita ba.

Na ce to, ka koma da Hausarka mai kyau.

Bai kamata in ƙara wannan ba. Amma ciniki in ba a matsa ba...

Lahadi, 13 ga Yuli

Ruwa tun safe. Luku ba ya yi mini magana. Baba ya sha kunu kaɗan.

Talata, 15 ga Yuli

Da hantsi Luku ya shigo ɗakina ya ɗauki tsohuwar rigata. Na tsaya bakin zaure.

Ya tsuguna ta hagun Baba, inda yake tsugunawa da. Ya buɗe baki. "B-b-b..." Wuyansa ya kumbura, yana bugun gwiwa da hannu. Na manta da bugun gwiwar nan wallahi. Jikinsa bai manta ba.

Baba ya ɗago. Ya ɗora masa hannu a ka. "A hankali, Luku. Ba mai korar ka."

Salamatu ta toshe baki da mayafi ta koma ciki.

Baba ya yi masa faɗan daɗewa a kiwo, ya tambayi labarin jar akuya. Can Luku ya so ya gaya masa aikinsa, ƙasashen da ya je. Yana shiga zancen harshensa ya miƙe, sai na ga idon Baba ya fara janyewa, yana nemana. Luku ma ya gani. Ya tsaya. Ya koma kan akuya.

Suka ci tuwo kwano ɗaya. Baba ya ce kada ya tafi karatun nan na nesa, dariya za su yi masa. Luku ya ce t-to.

Laraba, 16 ga Yuli

Na raka shi tasha. Direba ya tambaye shi ina za shi, "Sakkwato" ta ƙi fita. Ba Baba a wurin, ba wanda yake yi wa. Ni na faɗa wa direban.

Mako mai zuwa zai yi jawabi gaban taron masu irin aikinsa. Na ce in'inar za ta tafi kafin nan. Ya sa tabaransa ya ce, "W-wataƙila." Ya riƙe hannuna har mota ta motsa.

Dabarata ce. Ta yi aiki. Ban san me ya sa na kasa buɗe rumfa ba.

Juma'a, 1 ga Agusta

Kullum Baba sai ya tambaya ko Luku ya komo daga kiwo. Ina cewa yana hanya.

Yau da na kai masa kunu ya daɗe yana kallona kafin ya ce Bawa. Tsufa ne, ko rashin haske a zaure.

Na tambayi Salamatu, cikin wasa dai, wane hali nake da shi ina yaro da Baba ya tsana. Ta ce fito nake yi ta wushiryata, yana jifana da takalmi.

Na gwada a bayan rumfa. Har yanzu yana fita. Ba don komai ba.